Soron da Na Rushe wa Baba

Mahaifina magini ne, irin na da, masu ginin ƙasa. Kakana ma magini ne. Ni ne na kauce, na je makaranta na karanto ginin siminti da rodi, na dawo ina yi wa ƙasa kallon kayan talauci. Shekaru da yawa ke nan ina aikin injiniya a Birmingham, kuma duk sanda abokan aiki suka tambaye ni sana'ar mahaifina, sai in ce yana harkar gine-gine, in sauya magana. Ban yi ƙarya ba, amma na san hoton da nake so su gani a ransu, kuma babu kwaɓin ƙasa a cikinsa.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa zama ya yi doguwar hira da ni ba. Da ina yaro, "kai" ne sunana a bakinsa. Da na gama jami'a sai na zama "Injiniya", kuma har ya bar duniya ban tantance ba ko girmamawa ce ko zolaya. In yana da magana da ni, sai ya faɗa wa ƙanwata, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa yake kiranta Uwata, ita kuma ta kawo mini. Ni ma in ina da tawa, ta hannunta nake bi. Haka muka taso muka ga ana yi, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba.

A ƙofar gidanmu a cikin birnin Kano akwai soro. Baba ya gina shi tare da Kakana tun kafin ya yi aure, kuma shi ne gini na farko da aka sakar masa ya ɗaura rufinsa da kansa. Ba wani babba ba ne. Bakuna huɗu ne suka taso daga bango, suka lanƙwaso suka haɗu a tsakiyar rufi, aka jera azarar giginya a tsakaninsu a karkace. In rana ta take ka shigo daga titi, sanyin ɗakin ne zai fara yi maka sannu da zuwa. Nan Baba yake zama, nan yake cin tuwo da maƙwabta, nan aka raɗa wa kowannenmu suna. Duk shekara kafin damina sai ya kwaɓa ƙasa, ya jingina tsani, ya yi wa soron yaɓe. Na tsani wannan lokacin, don ni nake taka kwaɓin da ƙafa, kuma warin kashin jakin da ake zubawa a ciki yakan bi ni har cikin aji.

Da na fara samu a Ingila, abu na farko da na yi shi ne na aika a shafe soron da siminti, don Baba ya huta da hawa tsani. Ƙanwata ta kai masa maganar, ta dawo mini da amsa: "To, Injiniya ya fi mu sani." Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin yarda, har da jin daɗi. Shekarun farko soron ya yi kyau a hoto. Daga baya simintin ya fara yin ciki, ya tsattsage, yana ɓallowa da ƙasa manne a bayansa, gindin bangon kuma kullum a jiƙe. Da na je hutu na gani, ko minti biyar ban yi ina dubawa ba. Na ce a raina ginin ƙasa ke nan, ya gama kwanansa.

A tsakanin nan yanar ido ta rufe wa Baba gani. Mun yi fama da shi a yi masa aiki, ya ƙi. Ya ce ya ga abin da zai gani a duniya, sauran a bar wa matasa. Sai wata shekara, ba zato, ya aiko cewa ya yarda. Ƙanwata tana aikin harhaɗa magunguna a Manchester, ita ta yi duk zirga-zirgar har ya iso, ya sauka a wajenta a unguwar Ardwick. Murna ta hana mu tambayar abin da ya sauya masa ra'ayi.

Ni kuwa dama na gani. Baba zai yi wata uku ba ya gida. Na kira ƙanenmu da ke zaune a gidan na Kano, muka ƙulla cewa kafin Baba ya koma a rushe soron, a tayar da falo na bulo, da rufin kwano da silin da fanka. Ya buɗe sabon idonsa a kan sabon gini. Na zana taswirar da kaina, har da wurin da za a ajiye masa kujera.

Na gaya wa ƙanwata a waya.

"Yaya, ka tambaye shi kuwa?"

"In na tambaye shi ai ya daina zama surprise."

"Baba ba ya son surprise. Bari in ɗan taɓa masa maganar, mu ji."

"Kar ki kuskura. Ginin nan haɗari ne, aikina ne na sani. So kike sai ya faɗo masa a ka?"

Ta ce to. Ina da wata murya da nake yi in ina so a bar gardama, kuma ƙannena duk sun san ta. Ranar na yi amfani da ita.

Aka yi wa Baba aiki, aka dace. Bayan mako biyu, wata ranar Alhamis da safe, na je Manchester in ɗauko shi ya zo ya yi mana kwanaki a Birmingham. Na same shi ya shirya tun da wuri, ya ɗora ƙatuwar rigar sanyi a kan babbar rigarsa, ga baƙin tabarau da likita ya ba shi. Ƙanwata ta rako mu har mota tana jaddada mini lokutan ɗiga magani, da cewa kar ƙura ta kusanci idon. Baba ya ce mata, "Uwata, ai ba sayar da ni za a yi ba." Da muka hau hanya kuma sai motar ta yi tsit, kamar yadda muka saba.

Akwai wani aiki da nake da shi a kan hanyar, kusan tsakiyar garuruwan biyu, in ka sauka daga babban titi ka bi wata siririyar hanya tsakanin gonaki. Tsohon gidan gona ne, na katako. Wasu mata da miji da suka yi ritaya suka saye shi, suka ɗauki ofishinmu ya duba musu lafiyar ginin. Na riga na je sau biyu, na rubuta rahotona. Ranar zan tsaya ne kawai in ga wani dattijon Bature kafinta, wanda aikinsa ke nan gyaran irin waɗannan tsofaffin gidaje, mu daidaita inda zai fara.

Na tsayar da mota a bakin shinge, na bar na'urar ɗumama mota a kunne.

"Baba, minti ashirin. Akwai sanyi a waje, ga taɓo."

Ya ce, "To."

Gaskiyar magana ba sanyin nake ji masa ba. Ba na son in tsaya ina bayanin ko wane ne shi.

Gidan hawa biyu ne, a karkace yake tsaye kamar tsohon da ya dogara sanda. Ba bango ne ke ɗauke da shi ba, katako ne. An jera duwatsu a ƙasa, aka shimfiɗa wani dogon gungume a kansu, daga jikinsa ginshiƙai suka miƙe, wasu katakan suka gitta, wasu suka tokare a kusurwa. Duk ana ganinsu daga waje, baƙaƙe, sun raba fuskar gidan gida-gida. Kowane gurbi a tsakaninsu an cike shi an shafa farar ƙasa. Hawan sama ya ɗan turo gaba ya leƙo kan na ƙasa. Babu layi ɗaya miƙaƙƙe a jikin gidan, har tagogin kowace da inda ta kalla. Rufin jan tayil ne da ya lotsa a tsakiya, gansakuka ta hau shi.

Muna tsaye da kafintan a gefe muna duba takarda, sai na ga ya ɗaga kai yana kallon bayana. Na waiwaya. Baba ne, ya fito daga mota, ya ratso taɓon da takalminsa na fata, ya ɗora tafin hannunsa a kan ɗaya daga cikin ginshiƙan. Ya cire tabaran ya sa a aljihu. Yana bin katakon da yatsa har ya kai inda ya haɗu da wani.

"Ina ƙusar?" Bai kalle ni ba, ginshiƙin yake tambaya.

Na matso na ce babu ƙusa a ginin. Ana fafe rami a jikin wannan katakon, a fiƙe bakin wancan ya shige ciki, sannan a huda su tare a buga turken itace. Na nuna masa kawunan turakun, sun ɗan fito waje. Na ce da ɗanyen itace ake aikin, sai yana bushewa yana murɗewa, yana ƙara damƙe ɗan'uwansa, shi ya sa gidan ya karkace amma bai faɗi ba.

Ya gyaɗa kai. "Ɗaure shi aka yi ke nan."

A wani gurbi farar ƙasar ta ɓalle, cikin ya bayyana. Tsumagu ne aka saƙa kamar zana, aka yaɓe su da ƙasa ciki da waje. Baba ya ɓalli ɗan guntu, ya murtsuke a tafinsa, ya tsinci ciyawar da ke ciki, ya kai hanci ya shinshina. Sai ya yi dariya. Tun da ya sauka a ƙasar nan ban ji dariyarsa ba sai ranar.

"Kashin shanu ne. Ashe Bature ma yana taka kwaɓi."

Kafintan ya tambaye ni ko wane ne wannan. Na ce mahaifina ne. Sannan na ce magini ne, ginin ƙasa yake yi, kakana ma haka. Mutumin ya zare safar hannunsa ya miƙa wa Baba hannu, suka gaisa, kowa yana duban hannun ɗan'uwansa. Daga nan aka manta da ni da takardata. Ya ja Baba zuwa cikin gidan, ni na bi su a baya a matsayin tafinta.

Ƙofar gajeriya ce. Zuwana na farko sai da na ƙume goshi a kanta, Baba kuwa ko sunkuyawa bai yi ba. Daɓen ciki ya gangara gefe guda. Akwai ƙaton murhu da mutum zai iya tsayuwa a cikinsa. Kafintan ya hau da mu wata matsattsiyar matakala zuwa sama, inda aka cire silin ana ganin ƙashin rufin. Nan ne tsohon ɓangaren gidan. Wasu manyan katakai biyu ne lanƙwasassu, sun taso tun daga ƙasa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suka haɗa kai a can ƙololuwa. Hayaƙin shekaru ya mai da su baƙi ƙirin. Kafintan ya ce itace ɗaya ne da ya tsiro a lanƙwashe, aka tsaga shi biyu a tsaye don ɓangarorin su zo daidai. Na fassara.

Baba ya daɗe da kai a sama. Na tuna ƙanwata ta ce kar ƙura ta shiga idon, amma na ƙyale shi.

"Baka ne," in ji shi. "Sai dai su Allah ya lanƙwasa musu nasu tun a daji. Mu sai mun jera azara gaɓa-gaɓa, kowace ta ɗan fi 'yar'uwarta turowa, mu ɗaure, mu yaɓe, mu jira ya bushe, mu ƙara. Ka gaya masa sun samu sauƙi."

Na gaya masa. Kafintan ya nemi a nuna masa yadda ake yi, Baba ya tsinci 'yan guntayen katako a ƙasa ya jera masa a kan gwiwarsa. Nan babu wanda ya nemi fassarata.

Sai muka zagaya bayan gidan, ɓangaren da ya sa aka kira ofishinmu tun farko. Wani mai gidan na da can, ya gaji da gyaran yaɓe, ya sa aka shafe bangon nan gaba ɗaya da siminti, har katakan aka rufe. Daga nesa shi ne ɓangaren da ya fi kyau, sumul. Baba ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya ba da sautin wofi. Ya matsa gaba ya sake ƙwanƙwasawa. A ƙasa kafintan ya riga ya fasa wani wuri don a ga gungumen da ke kwance kan duwatsu. Baba ya durƙusa ya tura yatsa a cikin katakon, yatsan ya shige. Abin da ya fito da shi ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen gari.

Ya miƙe yana kaɗe hannu. Ya fuskanci kafintan sosai, ya ba ni gefen fuskarsa.

"Ka gaya masa, wanda ya yi wannan ba mugunta ya yi ba. So ya yi ya hutar da mai gida. Amma ƙasa da itace suna shan ruwa da damina, su fitar da shi da rani, haka suke rayuwa. Siminti kuwa zai bar ruwa ya shiga ta tsaga, sannan ya hana shi fita. Sai gini ya yi ta ruɓewa daga ciki, waje yana sheƙi."

Na fassara kalma bayan kalma. Kafintan ya ce ai abin da na rubuta ke nan a rahotona, har ya buɗo shafin ya nuna mini. Gaskiyarsa. Ni na rubuta, da Turanci mai kyau, mako biyu kafin ranar. Na san wannan ilimin sarai, na ci jarrabawa a kansa, ina ba Turawa shawara da shi. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa soron ƙofar gidanmu ma gini ne da wannan maganar ta shafa. Gidan Bature na gani a matsayin kayan tarihi da ake lallaɓawa, namu kuwa tsohuwar ƙasa ce kawai.

"Ka tambaye shi," in ji Baba, "rushewa za su yi?"

Kafintan ya girgiza kai. Ya ce ko sun so hukuma ba za ta bari ba, kuma babu dalili. Za a ɓamɓare simintin a hankali, a tokare ginin, a yanke inda ya ruɓe kawai a ɗaura sabon katako, a bar bangon ya sha iska, sannan a mayar da yaɓe irin na asali.

Baba ya ce, "Haka ake yi." Ya sake ɗora hannu a kan bangon. "Namu ma ƙafar ce kawai ta sha ruwa, saman lafiyarsa lau. Na shafa da hannu na ji. Amma ba a gyaran baka da lalube, shi ya sa na ce wa Uwata a yi aikin idon. In na koma, kafin ruwa ya sauka, zan ɓamɓare simintin nan in sake masa ƙafa." Ya ɗan karkato wajena. "Wannan ba sai ka fassara masa ba."

Na ce ina zuwa, zan amsa waya. Na zagaya bayan rumfar shanu, na kira ƙanena. Ya ɗauka da fara'arsa.

"Yaya, ai ina ta nemanka. Shekaranjiya aka gama sauke shi. Yau ana haƙa fandisho."

"Duka?"

"Duka, tas. Wallahi ya ba su wahala."

"Azarar fa?"

"Masu gidan burodi sun kwashe. Na ɗaukar maka bidiyo ma, network ne ya hana shi tafiya."

Na zazzage shi da faɗa. Na ce wane irin gaggawa ne wannan, ba ya iya jira a sake magana? Ya bari na gama, sannan ya ce, "Yaya, kai ka ce a yi sauri kafin Baba ya dawo." Na kashe wayar. Ina nan tsaye, shanu suna kallona, sai ga bidiyon ya shigo. Ban buɗe shi ba.

Da na dawo na tarar Baba ya tuɓe rigar sanyin, ya naɗe hannun babbar riga har kafaɗa. Kafintan yana da kwaɓin ƙasa a baro, na gwaji, ya ba shi wani gurbi ya cike. Baba yana ɗiban ƙasar yana danna ta cikin saƙar tsumagun da gindin tafinsa, yana shafewa, cikin wannan sanyin. Na ce, "Baba, idonka." Ya ce saura kaɗan. Sai da ya gama gurbin ya wanke hannu a famfon waje.

Daga can zuwa Birmingham tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci, kuma ban taɓa jin Baba ya yi magana mai yawa a gabana kamar ranar ba. Ba da ni yake yi kai tsaye ba, gilashin gaba yake kallo. Ya ce akwai wani tsohon yaronsa da ya koma tuƙin adaidaita, zai nemo shi ya kama masa. Ya ce ƙasar gini mai kyau ta yi wuya yanzu, amma ya san inda za a samo. Ya lissafa makonnin da za a bar bangon ya bushe. Ni kuwa ina riƙe da sitiyari ina cewa to, to. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na rufe. Haka muka shigo unguwarmu Perry Barr, yarana suka fito da gudu suna yi wa kakansu oyoyo da Turancinsu na Birmingham, shi kuma yana ce musu ai yau ya ga fuskokinsu da kyau.

Kwana uku ban gaya masa ba. Ina ɗiga masa magani a kan lokaci, ina kai shi masallaci, ina kauce wa zama da shi mu biyu. Matata ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce aiki ne. Ranar Lahadi da safe na fita na zauna cikin mota na kira ƙanwata, na gaya mata komai. Ta yi kuka. Da ta natsu na ce mata ta kira shi ta faɗa masa, ita ta san yadda take bi da shi.

"A'a, Yaya."

"Ke ya fi jin maganarki."

"Tun ina 'yar shekara goma nake kai saƙo tsakaninku. Na ce ka bari in tambaye shi, ka hana ni. This one is yours. Ka je ka faɗa masa da bakinka."

Na so in yi mata muryar nan tawa, amma ta ƙi fitowa.

Bayan sallar la'asar na same shi a ƙaramin ɗakin da muka sauke shi, yana zaune kan dadduma da carbi. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ina jin ya gane akwai magana, don ya ajiye carbin. Na faɗa masa tun daga farko, ban rage komai ba: yadda na ƙulla da ƙanena, yadda ƙanwata ta so ta tambaye shi na hana ta, da cewa tun kafin mu tsaya a gidan gonar nan soron ya riga ya kwana biyu a ƙasa. Na ce ni na ɓata shi da siminti, ni kuma na rushe shi. Na ce ya yafe mini.

Ana jin yara a falo suna gardama kan talabijin.

"Azarar fa?"

"An ba masu gidan burodi."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Kana da hotonsa? Na ciki, inda ake ganin rufin."

Na ciro waya na fara nema, duk da na san amsar. Hotunan gidan gonar Bature sun cika ta, kowace mahaɗa, kowane turke, daga kowace kusurwa. Na soronmu akwai guda biyu, duk daga waje, lokacin da simintin yake sabo. Tsawon rayuwata ban taɓa ɗaga waya na ɗauki rufin nan ba. Na ce masa babu, sai bidiyon da ƙanena ya aiko na ranar da aka sauke shi.

Ya miƙo hannu.

Na matsa kusa na kunna masa, ni ma ganina na farko ke nan. Leburori sun riga sun fasa bangon gaba da diga, sun zubar da ƙasar rufin. Bakunan nan huɗu kuwa suna nan tsaye su kaɗai a sarari, rana tana ratsa tsakaninsu. Aka ɗaura musu igiya a tsakiya, mutane suka kama suna ja, suna ba juna baki. Ƙura ta zubo, bakunan ba su motsa ba. Suka sake ja. Sai da wani ya koma da diga ya sare gindin guda biyu, sannan suka tafi gaba ɗaya, ƙura ta rufe hoton, aka ji muryar ƙanena yana cewa a matsa baya.

Baba ya ce in mayar masa farko. Ya kawo wayar kusa da fuskarsa ya sake kallo har ƙarshe.

"Mutum nawa ne ke jan igiyar?"

Na ƙirga. "Shida."

"Shida," in ji shi. "Ka ga bai so faɗuwa ba. Da sauran ransa."

Ya miƙo mini wayar. Ya ɗauki carbinsa, ya riƙe bai ja ba.

"Allah ya yi maka albarka, Injiniya. Hutu ka so mini."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na zauna a wurin ina jiran ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba, har na tashi na ja masa ƙofar. Bai sake tayar da maganar ba, da ni ko da ƙanwata. Da wata ukun ya cika muka raka shi filin jirgi a Manchester, ya koma Kano da idonsa garau, babu abin da zai gyara.